Ido, Hannu da Kunne: Abin da Likita Ke Nema Idan Ya Ce a Kwanta

A farkon shekarar 2025, hunturu na ja da baya zafi na shigowa, cutar sanƙarau ta sake kunno kai a Gwandu da Jega da Aliero na jihar Kebbi, ta kuma ɓulla a Tambuwal ta jihar Sakkwato. Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya asibiti a irin wannan lokaci ya ga abin da ma'aikacin lafiya ke fara yi tun kafin a ɗauko sirinji. Yakan kwantar da mutum rigingine, ya tura tafin hannu ƙarƙashin ƙeyarsa, ya ɗago kan a hankali don haɓa ta taɓa ƙirji. Mai zazzaɓin cizon sauro, komai zafin jikinsa, yawanci wuyansa zai lanƙwasu. Wanda sanƙarau ya kama kuwa wuyan kan ƙage, ya yi ƙara, wani lokaci ma gwiwoyinsa su naɗe da kansu. Idan jariri ne, wuya ba ya faɗin gaskiya, sai a shafa maɗigarsa a ji ko ta kumbura.

Duka wannan bai cika minti guda ba. Tabbatar da cutar sai an ɗebi ruwan ƙashin baya an kai ɗakin gwaji, amma allurar farko ba ta jiran sakamako, domin sanƙarau na iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. Mutanen wannan yanki sun san haka. Annobar 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000. A 2013 wani sabon nau'in ƙwayar cutar ya ɓulla a jihar Sakkwato, a 2017 ya yi mummunar ɓarna a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. A kowane karo, tafin hannun da ke ƙarƙashin ƙeya ne ya fara rarrabe wanda za a kwantar nan take da wanda zai iya jira.

Daga Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato tafiyar kusan kilomita 100 ce. Mutumin Kuchi ko Margai ko Ungushi a ƙasar Kebbe ta jihar Sakkwato, tasa tafiyar ta fi haka, ga kuɗin mota, ga hanyar ƙauye idan damina ta sauka. Saboda haka yawancin hukuncin da ake yankewa kan lafiyar mutanen Dogon Daji da Sanyinna da Jabo da Romon Sarki, a ƙaramin ɗaki ake yanke shi, da kayan aikin da ba su buƙatar wutar lantarki: a duba da ido, a taɓa da hannu, a ƙwanƙwasa da yatsa, a saurara da kunne. Waɗannan huɗun ne ake koya wa ɗalibai a Kwalejin Koyon Aikin Jinya ta Tambuwal da Kwalejin Fasahar Lafiya ta Gwadabawa, su ne kuma ake koya wa ɗalibin likitanci a Landan ko Alƙahira. Abin takaici, su ne kuma jama'a suka fi rainawa.

Kafin a kai ga jiki, akwai baki. "Inna, mi ka damun ki? Tun yaushe?" Wasu masu jinya kan ƙosa da waɗannan tambayoyi, suna ganin ɓata lokaci ne. A 1975 wasu likitoci a Ingila sun bi diddigin sababbin marasa lafiya 80, suka gano cewa a cikin 66 daga cikinsu, bayanin da mara lafiyar ya yi da bakinsa, tare da takardar da aka turo shi da ita, ya isa a gane cutar. Bakwai sai da aka duba jiki aka gane, bakwai kuma sai da gwaji. Bayanin ne ke gaya wa hannu inda zai dosa. Shi ya sa ɓoye magana a gaban likita yake da tsada. Mutum ya sha jiƙo kwana uku, ya sayi ƙwayoyi a kemis, an yi masa allura a gida, amma da aka tambaye shi sai ya ce bai sha komai ba, don gudun faɗa. Alhali maganin da ya sha yana iya danne zazzaɓin ko ya lafar da ciwon cikin, ya ɓatar da sawun da ake nema.

Duban ido kuwa tun daga bakin ƙofa yake farawa. Ƙwararren ma'aikaci yana kallon yadda mutum ya shigo: da ƙafarsa, ko an riƙo shi; yana jan ƙafa ɗaya, ko ya dafe gefen ciki ya rankwafa. Yaron da ke kuka yana fisge-fisge ya fi kwantar da hankali a kan wanda ya yi lamo a bayan uwarsa, ko kallon baƙon mutum ba ya yi. Bakin da ya karkace gefe ɗaya da hannun da ya saki suna sanar da shanyewar ɓarin jiki kafin a ce uffan.

Sai a matso kusa. Idan aka ja fatar ƙasan ido, ana neman jan da jini ke bayarwa ne. Ta yi fari fat, tafin hannu da harshe su ma sun koɗe, to jini ya yi ƙasa, kuma a ƙarshen damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kan ganiyarsa, wannan kallo ɗaya kan nuna yaron da ke buƙatar ƙarin jini a ranar. Farin idon da ya koma rawaya alamar shawara ce, wadda tana iya fitowa daga ciwon hanta ko daga fashewar ƙwayoyin jini irin ta masu sikila. A hasken rana ake ganinta sosai, shi ya sa za ka ga an jawo mara lafiya kusa da taga. Jariri sabon haihuwa da rawayar ta sauko har tafin hannu da tafin ƙafa, ba na shanyawa a hantsi ba ne, na asibiti ne.

Akwai wurin da iyaye ba su cika leƙawa ba, wato cikin bakin yaro, kuma jihar Sakkwato ta fi ko'ina sanin illar hakan. Cutar noma, mai cin dasashi da kunci, takan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ko ƙyanda ta raunana. Farkonta ba ya da ban tsoro: dasashi ya yi ja, yana zubar da jini, baki na wari, yawu na dalala. Cikin 'yan kwanaki kunci ya kumbura, ya yi baƙi, nama ya zube. Idan ba a yi magani ba, tana iya kashe tara cikin goma na yaran da ta kama, waɗanda suka rayu kuma su tashi da ramin da ke hana su ci da magana da shiga cikin tsara. Tun 1999 akwai asibiti na musamman don wannan cuta a birnin Sakkwato, ƙungiyar likitoci ta MSF na tallafa masa tun 2014, kuma a watan Disamba na 2023, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Likitocin fiɗa kan kwashe sa'o'i suna gyara fuska ɗaya, wani yaron sai an yi masa aiki sau da dama. Amma a matakin farko, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Abin da ke tsakanin waɗannan hanyoyi biyu shi ne wani ya ɗaga leɓen yaron ya duba da tocila. Ta wannan leƙen ne kuma ake ganin farar fatar da cutar mashaƙo ke shimfiɗawa a maƙogwaro, cutar da ta addabi Kano da wasu jihohin arewa a 2023.

Ƙirga numfashi shi ma aikin ido ne. Namoniya na cikin manyan masu kashe yara ƙanana, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauƙaƙa gano ta yadda ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye zai iya da agogo kawai. A ɗaga rigar yaro yana kwance shiru, a ƙirga ɗagawar ƙirjinsa na cikakken minti ɗaya. Jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa 5, 40. Babban mutum mai lafiya kuwa tsakanin 12 zuwa 20 yake yi. Sannan a kalli ƙasan haƙarƙari: idan yana lotsawa ciki a lokacin da yaron ke jan iska, huhun na wahala. Kuka na ɓata lissafin, don haka idan an ce wa uwa ta ba shi nono ya yi shiru tukuna, ba jan rai ake yi mata ba.

Taɓa jiki don gano ciwo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Maɗori da yatsunsa yake bin ƙashi har ya kai ga karaya, uwa kuma da bayan hannu take gane zazzaɓi. Ma'aikacin asibiti ma da bayan hannu yake jin zafi ko sanyin fata, domin fatar wurin ta fi sirantaka. Sai dai hannu ba ya ba da adadi, dole a sa ma'aunin zafi. Zafin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37. Idan aka auna a hammata ya kai 37.5, ana ɗaukarsa zazzaɓi.

Daga nan sai jijiyar wuyan hannu, gefen babban yatsa. Da yatsu biyu ko uku ake jin ta, ban da babban yatsan mai dubawa, don shi ma yana da nasa bugun. Ga babba, 60 zuwa 100 a minti shi ne daidai. Ba adadi kaɗai ake saurare ba: bugun na da ƙarfi ko ya yi siriri, yana tafiya a jere ko yana tsallake. Wanda jini ko ruwa ya ƙare masa, bugunsa kan yi sauri ya yi rauni, hannuwa su yi sanyi, kuma idan aka danna farcensa aka saki, jan kan ɗauki fiye da daƙiƙa 3 bai dawo ba. Ibn Sina, wanda aka haifa a shekarar 980 kusa da Bukhara, ya ware dogon babi kan bugun jijiya a littafinsa na Al-Ƙanun. Ana ba da labarin wani saurayi da ciwonsa ya gagari kowa, sai Ibn Sina ya riƙe wuyan hannunsa, ya sa ana ambaton sunayen garuruwa da unguwanni da gidaje. Duk inda bugun ya canza sai a tsaya a nan, har aka kai ga sunan yarinyar da yake so.

A 2021 amai da gudawa ya bazu a Nijeriya, an yi zargin kamuwar fiye da mutum 100,000, Sakkwato na cikin jihohin da suka ji jiki. A irin wannan hali, tambayar gaggawa ita ce yawan ruwan da ya fita daga jikin mutum, kuma mintsini ke amsa ta. Ana kama fatar ciki tsakanin cibiya da gefe, a ɗaga, a saki. Ta koma nan take, da sauran ruwa. Ta tsaya a tattare fiye da daƙiƙa 2, ga idanu sun faɗa, ga mutum ya kasa sha, to ruwan gishiri da sukari ba zai wadatar ba, sai ƙarin ruwa ta jijiya.

Akasin haka kuma shi ne ruwan da ya taru inda bai kamata ba. A danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaro duka biyu na daƙiƙa 3. Idan an ɗaga rami ya zauna, wannan tamowa ce mai tsanani, ko da kumatunsa sun cika har dangi na cewa ya yi ƙiba. Ga babba, irin wannan kumburi na sa a yi tunanin zuciya ko ƙoda ko hanta.

Ciki shi ne inda hannu ya fi yin aiki, kuma yana da ladubba. Mara lafiya ya kwanta rigingine, ya saki jiki, ya ɗan naɗe gwiwa. Mai dubawa ya ɗumama hannunsa, ya tambayi inda ke ciwo, sannan ya fara daga nesa da wurin, idonsa a kan fuskar mutumin, saboda fuska kan yamutse kafin baki ya yi magana, musamman ga dattijon da ke ganin nuna raki abin kunya ne. Idan aka ce "Baba, ja numfashi," ana so ne huhu ya turo hanta ko saifa ƙasa su taɓa yatsu. Saifar mai lafiya ba a jin ta. Wadda ta leƙo ƙarƙashin haƙarƙarin hagu ta kumbura ke nan, kuma a nan yankin zazzaɓin cizon sauro mai maimaituwa da sikila su ake fara zargi. Ciwon da ya fara a cibiya ya gangaro ƙasan dama, afendis ne ake tsoro. Mafi haɗari shi ne cikin da ya sandare ya yi tauri, mai shi ba ya son ko motsi, bayan mako biyu ko uku yana fama da zazzaɓi. Sau da yawa taifod ne ya huda hanji. Wannan mutum ba ya buƙatar a canza masa ƙwayoyi, ɗakin tiyata yake buƙata, kuma hannun ma'aikacin da ya gane haka a Kebbe da hantsi shi ne zai sa a isa wurin likitan fiɗa kafin dare.

Haka ake lalubo kaluluwa a wuya da hammata da matsematsi, da maƙoƙo, da gwaiwa, da ƙullutun mama wanda rashin ciwonsa ne ke yaudarar mata su yi shiru har ya girma.

Ƙwanƙwasawa ita ce ta fi ba masu jinya mamaki. Mai sayen tukunya a kasuwa kan buga ta da yatsa ya ji ko ta tsage, kuma dabarar ɗaya ce. Likita ya ɗora yatsansa na tsakiya a ƙirji ko ciki, ya buga shi da yatsan ɗaya hannun. Inda iska take, sautin kan fito fayau. Inda ruwa ko tsoka ko ƙari yake, sai ya dushe. Wani likitan ƙasar Ostiriya, Leopold Auenbrugger, shi ya wallafa hanyar a 1761, ana kuma cewa ya tsince ta ne daga yadda ake buga ganguna a masaukin baƙi na mahaifinsa don sanin inda abin da ke ciki ya tsaya. Ba a kula shi ba sai a 1808, da likitan Napoleon, Corvisart, ya fassara littafin zuwa Faransanci. Da ita ake gane ruwan da ya taru a gefen huhu, abin da tarin fuka kan haddasa. A 2024, da aka riƙa samun yara masu kumburin ciki a ƙaramar hukumar Isa ta gabashin jihar Sakkwato har hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa ta shigo bincike, ruwa ne ya taru a cikin nasu. Irin wannan ruwa ana bambanta shi da iska a kan gado: a ƙwanƙwasa, a juya mutum gefe, a sake ƙwanƙwasawa, dushewar sautin ta bi ruwan zuwa ƙasa.

Abin sauraren ƙirji da ke rataye a wuyan likita, wanda ya zama tambarin sana'ar, asalinsa kunya ce ta haife shi. A 1816 a birnin Faris, René Laennec ya ga bai dace ya manna kunnensa a ƙirjin wata budurwa ba kamar yadda aka saba a lokacin, sai ya naɗe takarda ya ɗora, ya ji bugun zuciyar ya fi fitowa. Ya sassaƙa na katako, ya wallafa littafinsa a 1819, tarin fukan da ya ƙware wajen saurare kuma shi ya yi ajalinsa a 1826. Abin da ake saurare a huhu shi ne ko iska na shiga kowane sashe daidai, shi ya sa ake gwada dama da hagu, gaba da baya. Fito mai siriri na nuna hanyoyin iska sun tsuke, irin na asma. Ƙaras-ƙaras a ƙarshen jan numfashi na nuna ruwa ko majina a ƙananan jakunkunan huhu. A zuciya, sauti biyu ne ke bin juna. Wani huci a tsakaninsu kan nuna ƙofar zuciya ta lalace, wanda a wurin matasa sau da yawa gadon ciwon maƙogwaro ne da ba a yi wa magani ba tun suna yara. Ta kan riga ba a jin waɗannan da kyau, surutun 'yan rakiya ma na toshe su. A ciki kuwa ana fara saurare kafin a danna, don dannawa na canza kukan hanji.

Awon hawan jini ya haɗa hannu da kunne. Riva-Rocci ɗan Italiya ya ƙirƙiro abin ɗaura wa dantse a 1896, Korotkoff ɗan Rasha ya gano a 1905 cewa sautin da ke bayyana ya ɓace a jijiyar gwiwar hannu shi ke ba da lambobi biyun. Daga 140 bisa 90 zuwa sama ana kiransa hawan jini, amma ba a yanke hukunci da awo ɗaya. Mutum ya zauna ya huta minti 5, hannunsa a tokare daidai da zuciya, kuma kada ya zama yanzu ya tauna goro ko ya sha shayi mai kauri ko taba. Hawan jini ba ya ciwo a yawancin mutane. Magidanci na iya yin shekaru yana noma da kasuwancinsa, labarin farko da iyalinsa za su samu shi ne faɗuwa.

Babu inda dabarun nan suka haɗu kamar ranar awon ciki. Ungozomar asibiti na duba ido da tafin hannu don ƙarancin jini, ta duba fuska da yatsu ko sun kumbura. Ta auna tsawon mahaifa: a wata na biyar, wato mako 20, samanta kan kai cibiya, daga mako 24 kuma adadin santimita kan yi kusan daidai da adadin makonni. Ya zarce sosai, ko tagwaye ne ko ruwa ya yi yawa. Ya gaza, ɗan ba ya girma yadda ya kamata. Da tafuka biyu take lalubo kan jariri da bayansa, kuma bayan mako 36 idan ya zo ta ƙafa ko ya gitta, sai a shirya haihuwa a inda ake da tiyata tun naƙuda ba ta fara ba. Da ƙaramin ƙahon saurare da wani likita mai suna Pinard ya ƙera a 1895 take jin zuciyar ɗan, wadda ke buga 110 zuwa 160 a minti. Uwa-uba, awon jini: 140 bisa 90 bayan mako 20, tare da ciwon kai ko dishi-dishin gani, gargaɗin jijjiga ne, ɗaya daga cikin manyan masu kashe mata wajen haihuwa a arewa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar zuwa awo sau 8. Matar da ta je ta yi hoton ciki sau ɗaya ta koma gida da takarda, ba wanda ya ɗaura mata abin awo a dantse, ba ta yi awo ba.

A nan ne ra'ayin jama'a ke buƙatar gyara. Mutum ya fito daga ɗakin likita, an tambaye shi, an latsa shi, an saurari ƙirjinsa, amma don ba a tura shi hoto ba, ba a yi masa allura ba, sai ya ce ba a yi masa komai ba. Wani kuma ba ya ma zuwa. Ya tsaya a kemis ya ce a haɗa masa na taifod da maleriya, ko ya aika yaro da bayani, a ba da magani ga jikin da ba wanda ya gani. Laifin ba na jama'a kaɗai ba ne. Inda ma'aikaci ɗaya ke fuskantar dogon layi, jarabar rubuta magani daga kan kujera tana da ƙarfi, kuma hannun da ya daina dubawa yakan manta. Mara lafiya na da haƙƙin ya ce, cikin ladabi, "Likita, a ɗan duba mini wurin." Yana da haƙƙin a ja labule, a buɗe wurin da ake dubawa kaɗai, mai dubawa ya wanke hannu, mace kuma ta nemi mace ta duba ta, ko wata ta tsaya tare da ita. Kunyar da ta sa Laennec ya naɗe takarda ba ta hana shi sauraren zuciyar ba, kuma maigidan da ya hana a duba matarsa don babu ma'aikaciya mace a ranar, ya kamata ya nemi a samo hanya, kada ya mayar da ita gida.

Dabarun na da iyakarsu, kuma ma'aikacin kirki ya san ta. Hannu ba ya rarrabe zazzaɓin cizon sauro da sauran zazzaɓi, sai an ɗiga jini a ɗan abin gwaji na minti 15. Ciwon suga da ƙanjamau da ciwon hanta kan ɓuya shekaru a jikin da ke kama da lafiyayye. Tarin da ya wuce mako biyu sai an gwada majina. Aikin dubawa shi ne ta zaɓi gwajin da ya dace, ta hana talaka kashe kuɗin buhun gero a kan wanda bai dace ba, ta kuma nuna wanda za a ɗora a mota yanzu.

Wani ɓangare na wannan ilimi ya riga ya fita daga asibiti ya shiga gida. Siririn ma'aunin dantsen yara mai launi uku, na 'yan wata 6 zuwa 59, ana naɗa shi ne a tsakiyar dantse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Kore, daga santimita 12.5 zuwa sama, lafiya lau. Rawaya, a ƙara kula da abinci a kuma kai shi a duba. Ja, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani. A Mirriya ta jihar Damagaram a Nijar, ƙungiyar ALIMA ta koya wa iyaye mata, har da waɗanda ba su yi boko ba, yadda za su auna 'ya'yansu da kansu su kuma danna ƙafa don neman kumburi. Sakamakon ya nuna awonsu bai gaza na ma'aikatan sa-kai ba, kuma yaran na isa wurin magani tun ciwon bai yi nisa ba. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, har da arewacin Nijeriya, inda a yanzu ake raba wa iyaye mata ma'aunin su ajiye a ɗaka, su riƙa gwada yaro a kai a kai, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa zazzaɓi kuma ya yi yawa.